Lissafin Bakano a Bakin Fili

To, ku gama dariyar tukuna, ina jira. Na san labari ya riga ni isa gida: wai Bakano, jikan 'yan Kantin Kwari, yana can Amurka yana ɓarin dala don 'yarsa ta buga ƙwallo. Wani abokin wasana Bazazzage har kira na ya yi musamman da tsakar dare, bai tambayi lafiyar iyali ba, ya ce, "Ashe ruwan Amurka yana wanke wayon Kanawa? Ku da ko sallama sai kun duba ribarta kafin ku amsa!" Na ce masa ya bari gari ya waye, don Bazazzage ko boko ya ƙare a kansa, ranar da aka zo lissafin kuɗi Kano zai aiko.

Amma ba sharri aka yi mini ba. 'Yata shekararta 16. Takwarar mahaifiyata ce, don haka Uwata nake ce mata. Tana buga baya ta hannun dama a wani kulob da ke wajen birnin Houston a jihar Texas, kuma abin da ƙwallonta ya ci mini bara ya ɗan haura dala 8,000. Ku buga a kan naira 1,500 kowace dala. E, miliyan 12. Na ji wani a can baya ya yi salati. Kai kuma da ka fara lissafa buhunan siminti, sauke wayar, na riga ka. Har bulo na ƙirga.

Kada ku ɗauka rana guda na tashi na haukace. A hankali abin ya shigo, kamar bashin mai shayi. Tana 'yar shekara bakwai uwarta ta sa ta a ƙwallon unguwa, irin wanda 'yan sa-kai ke shiryawa, kuɗinsa na kaka guda bai kai cefanen mako ba. Kocin baban wata yarinya ne, likitan haƙori, wanda bai san satar gida ba sai alƙalin wasa ya hura usur. Kowace yarinya sai ta shiga fili, ko da ita da ƙwallo ba sa ga maciji. A hutun rabin lokaci a raba musu yankakken lemo, a tashi ba wanda ya tuna ci nawa aka yi. Haka muka yi shekara huɗu cikin rufin asiri.

Sai wata Asabar wani mutum mai rigar kulob da murmushin dillalin filaye ya tako har inda na shimfiɗa kujerata. Ya ce ya jima yana kallon yarinyar nan, tana da abin da ba a koyarwa, wurin nan ya yi mata kaɗan. Ku nuna mini uban da zai ji wannan kansa bai kumbura ba. Ni da na zo da niyyar taya farashi, ban ma tambayi nawa ba sai da na sa hannu. Kakana da ya gani, da ya ce a sake duba asalina.

Ga yadda tsanin yake, don masu musu su san abin da suke musu a kai. Daga ƙwallon unguwa sai kulob na gari, daga nan sai gasar yanki, can ƙoli kuma akwai gasar ƙasa. Babbar cikinsu ga 'yan mata ita ce ECNL, wadda aka kafa a 2009 da kulob 40. A 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta buɗe tata gasar horarwa don ta karɓe ragama, har tana hana 'yan wasanta buga wa makarantunsu na sakandare. Ba ta yi tsawon rai ba. A Afrilun 2020, korona na shigowa, ta rufe shago. Wasu kulob ɗin suka koma ECNL, wasu suka haɗu suka kafa Girls Academy. Yau uba yana tsaye tsakanin rumfuna biyu, kowace na rantsuwa hajarta ce ta gaske, kuma kowane mataki na tsanin akwai mai karɓar kuɗin ƙofa.

Wani zai ce, to ai a Turai ba haka ake yi ba. Gaskiyarka, masanin gidan kallo. A can babban kulob ne ke renon yaro da kuɗinsa, don yana sa ran ya more shi ko ya sayar, kamar mai turke rago yana jiran Babbar Salla. A nan kuwa yawancin kulob ɗin yara ba su da kasuwar da za su kai ragon. Saboda haka mai ragon ne ke sayen dusa, ya biya makiyayi, ya biya hayar turke, sannan ya yi godiya. Allah Ya ba Uwata haƙuri da wannan misali.

Kuɗin kulob kansa, wanda ya haura dala 3,000 a wajenmu, shi ne mai sauƙin haɗiya, don kana ganin sa a takarda. Tafiye-tafiye su ne ɓeran da ke cin buhu ta ƙasa. Wasan "kusa" shi ne Dallas, awa huɗu a mota, nisan da ya kusa Kano zuwa Abuja. Akwai na Oklahoma, wanda in ka fita bayan asuba sai la'asar. Ina da ɗan garinmu a Dallas mai ɗakin baƙi, matarsa kuma ta iya miyar kuka, amma yawancin gasannin nan dokarsu ita ce sai ka kwana a otal ɗin da masu gasa suka zaɓa, in ba haka ba a cire ƙungiyarku. Ranar da aka fara gaya mini haka sai da na cire hula na jinjina wa wanda ya ƙirƙiro dabarar. Wannan ko a Kwari sai a ba shi rumfa a bakin layi. Ga kayan wasa da ake canzawa duk shekara biyu alhali na da ba su yage ba, ga takalmi, ga kocin sirri da kowa ke ɗauka don ya ga maƙwabcinsa ya ɗauka, ga mai haɗa bidiyon da za a tura wa jami'o'i.

Sai baje-koli. Wannan ku zauna da kyau. Sau biyu ko uku a shekara ake tara ɗaruruwan ƙungiyoyi a wuri guda. Mu na Phoenix a jihar Arizona muka je, a jirgi. Filaye ne jere da juna iya ganinka, ciyawa kore shar a tsakiyar hamada. A gefe guda iyaye, a ɗaya gefen kociyoyin jami'o'i a kan kujerun naɗewa, kowa da tambarin makarantarsa a ƙirji da takarda a cinya. Wata uwa daga cikinmu tana zagayawa tana miƙa musu ƙasida mai ɗauke da hoton kowace yarinya, lambar rigarta da makinta na makaranta. Duk wanda ya taɓa zuwa karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ba zai ji baƙunta ba, sai dai nan ba a buɗe baki a duba haƙori. Kuma doka ta hana kocin babbar jami'a ya yi wa yarinya maganar ɗauka kafin 15 ga Yuni na bayan shekararta ta biyu a babbar sakandare. Don haka kallo ne kawai, kamar na kurma da suruki. Mu iyaye ba wasan muke kallo ba, kujeru muke ƙirgawa. Wani koci ya zauna minti goma ya naɗe kujerarsa ya tafi, sai ka ji zuciyarka ta bi shi. Ni na taɓa kwana ina murna wani ya yi rubutu daidai lokacin da Uwata ta ƙwace ƙwallo. Washegari wani uba ya ce mini yana bayansa, abincin rana mutumin yake zaɓa a takardar.

To me ake nema da duk wannan wahala? Gurbin karatu kyauta. Asalin abin wata doka ce da ake kira Title IX, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu a watan Yunin 1972. Ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta fifita namiji a kan mace ba. Jami'o'in da suka saba zuba kuɗi a wasannin maza sai ya zame musu dole su buɗe wa mata ƙofa, ƙwallon ƙafa kuwa ya dace, don ƙungiya guda tana kwashe 'yan mata da yawa. Daga nan rijiyar ta samo ruwa. Da ita Amurka ta ɗauki Kofin Duniya na mata a 1991, 1999, 2015 da 2019. Wasan ƙarshe na 1999 a filin Rose Bowl mutum sama da 90,000 ne suka kalle shi. Mai cewa ƙwallon mata ba mai kallo, ka gaya mini filin da kulob ɗinka ya taɓa tara haka, ina sauraro.

Yanzu ku matso, masu shakka, ga rabonku. Zan ba ku makamin da za ku doke ni da shi, tunda ku da kanku ba ku iya nemo shi ba.

Shekara da shekaru, abin da NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta yarje wa ƙungiyar mata a rukunin farko shi ne gurbi 14, alhali 'yan wasan sun kusa 30. Sai koci ya yi watanda: wannan ta samu rabi, waccan kwata, wata kuɗin littattafai kawai, wata kuma riga da addu'a. A 2025 an sauya tsarin ga jami'o'in da suka shiga wata sabuwar yarjejeniya, aka ce 'yan wasa kada su wuce 28, kuma makaranta na iya ɗaukar nauyin kowa in tana da hali. "In tana da hali" ɗin nan ku ja masa layi. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da sisi saboda wasa. Manyan nan irin su Harvard da Yale ma haka. Sannan 'yan matan da ke buga ƙwallo a sakandaren Amurka sun kusa 400,000, kuma bisa ƙididdigar NCAA ɗin kanta wajen bakwai cikin ɗari ne ke samun buga wa jami'o'inta, masu kaiwa rukunin farko ba su kai uku cikin ɗari ba.

Wani dare a otal ɗin dole na Dallas na juya bayan rasit na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar mai murmushi. Shekara shida, daga 12 zuwa 18, a kan dala 8,000, ya kama 48,000. Kuɗin karatu zalla a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha, in aka ɗauki matsakaici, wajen dala 11,000 ne zuwa 12,000 a shekara. Shekara huɗu ke nan bai wuce 48,000 ba. Wato kuɗin da nake kashewa ina farautar karatu kyauta, da na zuba su a asusu, da sun biya karatun da kansu, har da canjin sayen katifa. Na miƙa wa uwargida takardar. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Malam, sai yau? Ni tun shekarar farko na buga, na ga kana jin daɗi ne na ƙyale ka."

Ku yi tafi, na ba ku minti guda. Bazazzage, kai ma yi, ba kullum ake samun Bakano a ƙasa ba.

Sai dai akwai wani rukunin masu karatu da suka fi masu shakka ba ni tsoro, su ne waɗanda suka koma goyon bayana dare ɗaya. Tun ranar da Super Falcons suka farke ci biyu suka doke Maroko 3 da 2 a Yulin 2025, suka ɗauki kofin Afirka karo na goma, aka kuma yi wa kowace alƙawarin dala 100,000 da gida, sai saƙonni suka canza launi. Wanda ya ce na lalata tarbiyya yanzu "Baban tauraruwa" yake ce mini. Wani ma ya turo mini labarin Naomi Girma, mace ta farko da kuɗin sayenta ya haura dala miliyan ɗaya, lokacin da Chelsea ta ɗauke ta a Janairun 2025, ya rubuta a ƙasa, "Alhaji, a tuna da mu." Kawu, kuɗin nan San Diego Wave aka ba, kulob ɗin da ta bari. Babanta ko goro ba a raba da shi ba. Kuma in ka bi labarinta, zagina yake yi. Iyayenta 'yan Habasha ne da suka zauna a San Jose, ta fara buga ƙwallo ne a Maleda, ɗan wasan zumunci da babanta ya kafa wa yaran 'yan ƙasarsu, ta kuma shafe shekaru a ƙaramin kulob na yankinsu. Da ƙafarta da makinta ta shiga Stanford.

Aikin da kuke hango mata ma ku ƙirga kujerunsa. A 2025 babbar gasar mata ta Amurka, NWSL, kulob 14 gare ta, kowanne 'yan wasansa ba su wuce 26 ba. Duka-duka ba su cika 400 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 300. Mafi ƙarancin albashi a shekarar dala 48,500 ne, wanda a 2013 da aka fara gasar 6,000 ne kacal. Ba laifi, an ci gaba, amma ma'aikaciyar jinya a Houston ba za ta yi kishi ba. Kuma kujerun nan ba na 'yan gida kaɗai ba ne. Temwa Chawinga ta zo daga Malawi ta fi kowa zura ƙwallo a 2024. Barbra Banda ta zo daga Zambiya ta ci wa Orlando kofi a shekarar. Ba wadda babanta ya taɓa biyan otal ɗin dole a cikinsu.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da tsarin, kuma nan ba wasa nake ba. Rariya ce mai tace aljihun uba kafin ta tace ƙafar 'ya. A unguwannin Houston da 'yan Meziko da 'yan Afirka suka cika akwai 'yan matan da za su zaunar da Uwata a ƙasa sau uku kafin ta juya, amma babu kocin jami'ar da zai taɓa naɗe kujera dominsu, don ba su da kuɗin jirgin Phoenix. Hope Solo, tsohuwar golar Amurka, ta faɗa a 2018 cewa da yanzu take tasowa, gidansu ba za su iya biya mata ba. A Kofin Duniya na 2023, Amurka da duk dalolinta a zagaye na biyu ta fita, canjaras ba ci da Suwidin, aka cire ta a bugun fenariti. Najeriya fa, mai Asisat Oshoala da Rasheedat Ajibade da suka taso a FC Robo ta Legas? Zagaye na biyu, canjaras ba ci da Ingila, bugun fenariti. Mai jirgi da mai ɗanfo tasha ɗaya suka sauka. Kofin kuma Sifaniya ta tafi da shi, inda kulob ke renon 'yan wasansa. Kada dai ku yi saurin binne Amurkawa, shekara na zagayowa suka ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Faris.

Goggo kuma, Allah Ya ƙara miki lafiya, na ji saƙonki na murya mai minti tara. Ki kwantar da hankalinki. Da ɗankwalin wasa take bugawa, da dogon wando a ƙarƙashin gajeren, da riga mai dogon hannu, a zafin Texas da ko ni Bakano nake neman inuwa. Masu dokokin ƙwallo na duniya sun halatta rufe kai tun 2014, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Kofin Duniya da hijabinta. Salla kuwa a bayan mota muke yi, tsakanin wasa da wasa, ni liman ita mamu, wani lokaci da takalmin ƙwallon a gefen dadduma. Batun miji da kika kawo, na gaya mata. Ta ce in ce miki duk wanda zai zo ya fara gwada wuce ta da ƙwallo.

Abin da ya kamata ki ji wa tsoro, Goggo, gwiwa ce. Akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da ke tsinkewa idan aka juya da gudu ko aka dira ba daidai ba, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ta fi tsinke wa 'yan mata, ninki biyu ko fiye. Na gani da idona. Ƙawar Uwata, mai buga tsakiya, ba wanda ya taɓa ta. Ta juya ne kawai, ta zube, ta yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Fili ya yi tsit. Babanta, wanda kullum shi ne mai yi wa alƙali ihu, ya tsaya riƙe da kofin shayinsa ya kasa ajiyewa. Tiyata, sannan kusan shekara guda tana koyon gudu, kuma daidai shekarar da kociyoyi ke zuwa kallo. Yaran nan wata goma suke bugawa a shekara, wasa guda, jijiya guda, ba hutu. Duk lissafin da na yi a bayan rasit bai sa wannan a ciki ba.

Ni ma ina da nawa laifin, tunda yau ranar tonon silili ce. Akwai lokacin da motata ta zama kotu. Daga an tashi wasa sai in fara: me ya sa kika bar ta ta wuce, me ya sa ba ki ɗaga kai ba, kin san nawa na biya? Ni da iyakar tarihina a ƙwallo shi ne tsaron gida a lungunmu da ƙwallon tsumma, shi ma don ni ne mai ƙiba. Wata rana muna kan hanyar dawowa, ta bari na gama, ta ce, "Baba, in kuɗin ne ke damun ka, zan daina. Amma in zan ci gaba, ka bar mini ƙwallon, kai ka riƙe tuƙi." Muka yi kilomita ɗari ba wanda ya ce uffan. A gidan mai na sayo mata askirim, wanda a yarenmu na iyaye maza shi ne ban haƙuri.

To, da na faɗi a lissafi, na kuma faɗi a kotu, me ya hana ni tattara kujerata? Ga shi, ku auna da kanku.

Tana shekara 14 aka yi gwajin zaɓe na shekara, aka sauke ta zuwa ƙungiya ta biyu. Ta shiga ɗaki ta rufe, ko tuwo ba ta taɓa ba. Ni a raina har na fara murnar ragin kuɗi. Kwana uku bayan haka na fito sallar asuba na tarar da ita a bakin ƙofa tana ɗaure igiyar takalmi. Ba wanda ya sa ta. Wata takwas tana zagaye unguwa kafin motar makaranta ta zo, tana dukan bangon gareji da ƙafar hagu har maƙwabci ya kawo ƙara. Ta koma ta farko da kanta. Yarinyar da a da in baƙo ya yi sallama sai ta ɓuya bayan uwarta, yanzu ita ke tsara 'yan baya da murya tun daga wancan gefen fili, ita ke rubuta wa kociyoyin jami'a wasiƙa, ita ta je ta sami kocinta ta ce masa ga watan azumi ya zo, ga yadda za a yi da atisaye. Kuma tunda ta gane kociyoyi makin makaranta suke fara dubawa, aikin gida a kujerar baya ake yin sa da fitilar waya. Gwarzuwarta Michelle Alozie ce, wadda muka sha zuwa kallo a Houston Dash: haihuwar California, ta yi digiri a Yale, ta yi aikin binciken cutar daji ta yara a asibiti, kuma ita ta ci wa Najeriya ƙwallon da ya fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe a 2025. In wannan ce lalacewar, Allah Ya ƙaro.

Akwai kuma ribar da ban sa a jari ba. Awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ni da ita, da dambun naman da uwarta ke cusa mana a leda. A gida Turanci take mayar mini. A mota kuwa, da gajiya ta kama ta, sai ta ce in ba ta labarin Kano. A hanyar Dallas ta san sunayen ƙofofin gari, ta san yadda kakanta ya fara da kai talla, ta koyi zagin Zage-zagi daidai da ƙa'ida. Ku gaya mini uba nawa ne a Amurka, ko a Kano ma, 'yarsa mai shekara 16 ke zama da shi awa takwas tana sauraro.

Ina jin ka, mai gardama. Kana cewa duk wannan ai ana iya samun sa a ƙungiyar makaranta ko ƙaramin kulob, da kwatan kuɗin. Wallahi kusan haka ne, kuma ya ƙona mini rai da ka gano. Faɗuwa da tashi, ƙawaye, horo, lafiyar jiki, duk suna nan a kulob mai araha. Abu biyu ne kawai babbar gasa ke sayarwa da ba a samu a ƙasa: abokan karawa masu zafi kowane mako, da idon kociyoyin jami'a. In yarinya ta fi ƙarfin inda take, kuma ita ce ke tashin ka da asuba ba kai ke tashin ta ba, kuma kuɗin ba na haya ko na abinci ba ne, to akwai magana. Ko a nan ma ka cire kunya ka tambayi rangwame, yawancin kulob suna da asusun tallafi, ba sa dai shelanta shi a lasifika. Na ga waɗanda suka ci bashin kati don baje-koli, yarinyar kuwa tana benci tana ƙirga ranar da za ta gaya musu ta gaji. Ƙanwar Uwata shekararta tara, tana can wajen likitan haƙori tana shan lemo. Rannan na hango mai murmushi yana nufo mu, na naɗe kujera na ja hannunta muka bi ta ɗaya ƙofar.

Ranar 15 ga Yunin da ya wuce, mun tashi kowa na satar kallon waya. Manyan jami'o'in nan ba wadda ta kira. Zuwa yamma saƙo biyu suka shigo, ɗaya daga wata ƙaramar jami'a a rukunin farko, ɗaya daga wata ta rukuni na uku mai kyakkyawan sashen kimiyya, wadda ba ta ba da ko sisi don ƙwallo amma tana bayarwa don maki. Uwata ta fi karkata ga ta biyun. Wato mai yiwuwa a ƙarshe fitilar waya ce za ta biya kuɗin makarantar. Uwargida ta dube ni, na ce kada ta ce komai, ta ce ai ba ta ce ba.

Shekaranjiya Bazazzagen nan ya sake kira, wannan karon da rana, har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Muka yi ta kewaye-kewaye, farashin masara, zafin gari. Can ya yi gyaran murya ya ce autarsa ta ga bidiyon Uwata a wayar mamanta, ta hana kowa sakat a gidan, ko akwai wani tsohon takalmin ƙwallo lamba 38 da ba a amfani da shi?

Na ce akwai, har ƙafa uku. Na gaya masa farashi, ban da kuɗin aike.